Taƙin Hannun Babanki

Rahila 'yata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Idan takardar nan ta shiga hannunki, to kin sauka lafiya ke nan, kin buɗe jaka, kin ɗaga zannuwan da ke ƙasa. Na gode wa Allah da ya tsare mota da direba, ya kai ki. Ya haɗa ki da abokan ɗaki masu hankali, ya tsare ki daga ciwo da mugun ji da mugun gani.

Na san abin da kika tarar a ƙasan jakar ya ɓata miki rai. Ranar Lahadi na miƙa miki saƙin Babanki, kika ce ba kya so, na ce to. Ban tsaya a kan "to" ɗin ba. Kina wanka na naɗe shi na tura a jakar. Ki yi haƙuri, kada ki wurga shi ƙarƙashin gado sai kin kai ƙarshen wasiƙar nan. Wata bakwai ke nan da muka binne shi, kuma tun ranar ban iya yi miki magana mai tsawo ba. Da na buɗe baki sai kuka ya riga ni, ke kuma ki ce "to, Mama" ki tashi. Shi ya sa na zauna na rubuta. Kwana huɗu ina yi, kin san aji shida na tsaya.

Tarihi za ki karanta a jami'a. Ba ni da abin da zan koya miki a ciki. Abin da nake da shi kurakuran da na yi ne a kan saƙin nan, su zan ba ki.

Kin taso kin gan shi a rataye, amma ba ki san farkonsa ba. Shekarar da muka kama ɗaki a gidan Alhaji Bukar a Ƙofar Nassarawa, mu kaɗai ne Kirista a layin. Babanki yana gyaran keken ɗinki, telolin Mandawari da na Kabara duk wurinsa suke kawowa. Alhaji kuwa fataucin saƙi yake yi. Wata rana ya ba Babanki kyautar naɗin farin saƙi siriri, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ni na ɗauka za a haɗa min zane. Sai na ga mutumin nan ya shimfiɗa shi a tsakar gida tun daga bakin rijiya har zaure, ya durƙusa yana aunawa da hannu, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Ya ce taƙi ɗaya shekara ɗari ne. Ya auna taƙi ashirin, ya soka jan zare, ya ce nan aka haifi Almasihu. Ashirin ɗin baya sun kai ga Ibrahim. Ashirin na gaba sun iso kanmu. Ya bar wutsiya fara kamar kamu biyu, ya ce wannan ta Mai ita ce.

Daga nan duk abin da ya ji a coci, ko a rediyo, ko ya karanta a tsofaffin littattafan makaranta da teloli ke kawo masa, ko ya ji a bakin Alhaji, sai ya auna ya rubuta da tawada. Yana da doka ɗaya da bai taɓa karyawa ba. Ba ya aunawa daga alamar da ke kusa. Ko abin jiya ne zai sa, sai ya koma kan jan zaren ya faro ƙirga. Na taɓa ce masa wannan ai wahalar da kai ne. Ya ce, "In na auna daga alamar da ke kusa, kuskurenta zan gada, in ƙara nawa a kai."

Kuskurena na farko raini ne. A idona tsumma ne da wani mai gyaran keke yake wasa da shi. Kina wata biyar, majanyina ya jiƙe, ga tuwo a wuta, ga ki kina tsala kuka. Na waiwaya na ga saƙin, na ninka shi na ɗaure ki da shi a bayana. Kika yi abin da jarirai ke yi. Na sa sabulu na wanke tas, na shanya.

Da Babanki ya dawo ya tsaya gaban igiya ya daɗe. Masar, Babila, Farisa, Rum, duk sun koma dabbare-dabbaren toka. Na ce yau zan ga fushin mutumin nan. Sai ya leƙa zaure ya ce, "Baba Alhaji, zo ka ga abin da Talatu ta yi wa Fir'auna da sabulu ɗaya."

Alhaji ya shigo ya duba, ya ce, "Malam Bitrus, ai dama ruwa ne ya ci shi. Maimaitawa kawai ta yi."

Suka yi ta dariya, ni ina laɓe a madafa. Da Alhaji ya fita, Babanki ya kira ni. Ya nuna min jan zaren, yana nan yadda yake, don shi ɗinki ne. Ya kama hannuna ya ɗora a ƙarshen saƙin, ya ce, "Ke da ni, in mun daɗe ƙwarai, ba za mu cika taƙi ɗaya ba. Dubi bayanki." Na duba. Saƙin ya tafi, ya tafi, har ya lanƙwasa ta bayan rijiya. Kowane yatsa a cikinsa mutane ne, sun yi aure, sun yi goyo, sun dafa tuwo, sun ɗauka su ne duniya. Ban taɓa jin ƙanƙantata kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin girman Allah kamar ranar ba. Wanda ya ga farkon saƙin nan da ƙarshensa a kallo ɗaya, shi ne kuma ya san majanyina ya jiƙe.

Shekara biyu ya yi yana mayar da abin da na wanke, wannan karon da zare kala-kala. Tun daga lokacin in za mu coci ran Lahadi, muka bi ta gefen badala, sai in ɗaga kai in kalle ta. Daga gininta zuwa yau, wajen taƙi tara ne kawai a saƙin. Na ɗauka babu abin da ya girme ta, ashe ita ma ta baya-bayan nan ce.

To ke za ki haɗu da manyan sunaye a littafi, za ki ga manyan mutane a raye. Ki ba su girmansu, amma kada su cika miki ido har ki ji tsoro. Ki tuna da uwarki da sabulunta. Kuma kada ki raina mai ƙaramin karatu in kin ga yana tattara wani abu da zuciya ɗaya. Na yi, na ji kunya.

Na biyu ya fi wannan muni.

Bishara ta iso ƙauyenmu a taƙin ƙarshe ne. Daga jan zaren zuwa wurin, taƙi goma sha tara. Abin ya daɗe yana damuna. Na tambaye shi, "Baban Rahila, duk wannan tsawon ina Allah yake, kakanninmu suna yanka kaza a gindin dutse?" Ya ce, "Ruwan da ya sauka a gonakinsu wa ya aiko? Yadda zai yi da su ban sani ba, Talatu, ba zan yi miki ƙarya ba. Na dai san ba wanda ya ɓace masa." A cikin taƙin nan goma sha tara ya sa Habasha da majami'unta, ya sa Hijira, ya sa sarakunan Borno, ya sa ginin badala da ayarin raƙuma. Har zuwan kakan Alhaji daga Borno ya sa, da shuɗin zare, don Alhaji ya zauna ya lissafa masa iyaye da kakanni.

Kina shekara shida gari ya rikice. Kin tuna hayaƙin da muka hango ta bayan badala, kin tuna mun kulle a ɗaki. A rana ta biyu labari ya zo an ƙone shagon yayana. Babanki yana riƙe da ke ta wajen taga. Na sauko da saƙin, na ɗauki almakashinsa, na yanke tun daga Hijira har bayan shuɗin zaren Alhaji. Na dunƙule na cusa a bayan tukunya. A raina na ce mutanen nan ba su da wurin zama a saƙinmu.

Ban san cewa a daidai lokacin Alhaji ya shimfiɗa buzunsa a bakin zaure ba. Kwana uku yana zaune da carbi, salla kaɗai ke tayar da shi, a nan ma yake yinta. Wasu samari suka zo suna tambaya ko akwai baƙi a gidan. Hajiya Falmata, matarsa, ita ta ba ni labari daga baya. Ta ce ko tashi bai yi ba. Ya dubi na gabansu ya ce, "Kai ba ɗan Malam tela ba ne? Keken da aka ɗinka rigar sunanka da shi, wa ya gyara? Babu baƙo a gidan nan. Je ka gaida babanka." Ita kuma Hajiya tana miƙo mana abinci ta kan katanga, tana cewa a ba Rahila nata da zafinsa. Na ci abincin nan, tsumman da na yanke yana bayan tukunya.

Da ƙura ta lafa Babanki ya gani. Bai ɗaga murya ba. Ya shimfiɗa guntaye biyun a tsakar gida, ya bar gurbin abin da na cire. Ya ce, "Talatu, zo ki auna min daga jan zaren zuwa gidanmu." Na durƙusa. Ɗaya, biyu, har shida, sai hannuna ya sauka a kan ƙasa. Na ce, "Babu hanya." Ya ce, "Kin gani. Allah bai yi tsalle ya iso gare mu ba. Ta cikin shekarun nan da kika yanke ya biyo, da mutanen da ke cikinsu." Ya miƙo min allura. Da hannuna na mayar da shi. In kin shafa za ki ji ɗinki biyu masu kauri, nawa ne.

Ki fahimce ni. Ba mu yarda da Alhaji a kan Almasihu ba, shi ma bai yarda da mu ba. Shekara talatin suna musu da Babanki a zaure, goro ɗaya suke rabawa, ba wanda ya matsa ko yatsa. Ranar da ya zo ta'aziyya, tsohon nan ya share hawaye ya ce, "To yanzu wa zai yi min musu?" Abin da nake gaya miki shi ne, a can za a miƙo miki almakashi. Wasu za su ce ki yanke na wasu, ki bar namu. Wasu za su ce jan zaren ne ya kamata ki cire, wai sai haka za ki zama mai ilimi. Kada ki karɓa daga hannun kowa. Na riƙe almakashin nan sau ɗaya, na san yadda hannu ke jin daɗinsa.

Yanzu na zo wurin da nake ta kewayewa.

Saƙin yana da baƙaƙen zare da yawa. Bauta a Masar, kai mutanen Allah zaman talala, annoba, yunwa, cinikin bayi, yaƙe-yaƙe. Ni ba na son su. In ina nuna miki kina ƙarama, sai yatsana ya tsallake su ya sauka a kan ƙetare teku da faɗuwar ganuwa da dawowa gida. A kaina tarihi ke nan: mutanen Allah su shiga wuya, su yi kuka, ya fitar da su. Ban taɓa tsayawa na auna faɗin baƙin ba. Bautar Masar kaɗai taƙi huɗu ce. Wasu an haife su a cikinta, sun tsufa a cikinta, an binne su a cikinta, ba su ga teku ta buɗe ba. Su ma nasa ne.

Da ciwon Babanki ya tsananta kina makarantar kwana, saura kwana tara ki gama jarrabawar fita. Ranar Laraba da hantsi ya ce min, "A kira Rahila." Na ce, "Haba Malam, ka bari ta gama. Allah da ya buɗe teku zai tashe ka." Da kika bugo waya na ce miki yana samun sauƙi, Allah zai tashe shi, zumuntar mata suna azumi, kada ki taso. Ba don jarrabawar kaɗai na hana ba. Tsoro nake ji in na kira ki, kamar na nuna wa Allah ban gaskata ba ne. Ranar Asabar da la'asar ya cika.

Na hana ki ganinsa, na hana shi ganinki. Ba Allah ne ya yi wannan ba, ni ce. Na kuma yi miki alkawari da sunansa, alhali bai aike ni ba. Ranar da kika ce min, "Mama, ki daina ce min Allah ya san abin da yake yi," na ji zafi, amma na daina, don na gane bakina ne ya ɓata maganar. Tun daga ranar ban ga kin rufe ido kin yi addu'a a kan abinci ba, in muka je coci kuma leɓenki ba ya motsi. Tsorona shi ne kada kuskurena ya raba ki da Ubangijinki, in rasa miji in rasa 'ya a shekara ɗaya. Ki yafe min, 'yata. In ba za ki iya yanzu ba, zan jira.

Amma ki duba wani abu. Daga jan zaren ki matsa gaba kamar yatsu huɗu. Akwai wani ɗinki a wurin, baƙi da ja ya murɗa su tare, ba ya warwaruwa. Gicciye ne da tashin Almasihu. Shekara da shekaru ina kallonsa, jan kawai nake gani. Bayan rasuwarsa na sa farce in raba su, na kasa. Wanda ake auna dukan saƙin daga kansa, shi ma baƙin zaren bai tsallake shi ba. Ya shiga ta cikinsa ne ya fito. In za ki karanta tarihi, ki karanta baƙin yadda yake, ki auna faɗinsa, kada ki yi wa kowa gaggawar ta'aziyya irin tawa. Kuma kada ki yi alkawari a madadin Allah. Shi yana cika nasa, amma da taƙinsa yake aunawa.

Saura ɗaya, na kwanan nan ne.

Babanki ya sa Fir'auna, ya sa kakan Alhaji, ya sa ranar da aka yi wa kakarki baftisma a rafi, amma bai sa kansa ba. Sati uku da suka wuce na ce zan sa shi. Na shimfiɗa saƙin daga rijiya zuwa zaure, na durƙusa inda yake durƙusawa. Na bi dokarsa, na faro daga jan zaren. Na ƙirga ashirin, na ƙara yatsu uku. Idona cike da hawaye, tabarau kuma yana ɗaki. Na soka allura na ɗinka.

Hajiya Falmata ta fito za ta ɗebi ruwa, ta tsaya a kaina. Ita ba ta karanta boko, amma ta san shuɗin zaren gidansu. Ta sunkuya, ta ɗago, ta ce, "Talatu, ikon Allah. Yaya na ga Malam Bitrus ya rasu kafin kakan Alhaji ya baro Borno? To wa ya yi ta cinye mana goro a zaure?"

Na duba. Na kai shi baya kusan shekara ɗari uku. Hannuna bai kai nasa ba. Kowane taƙi nawa ya gaza da ɗan kaɗan, ɗan kaɗan sau ashirin kuwa ya yi nisa. Muka zauna a ƙasa ni da Hajiya, muna dariya muna kuka, ba mu san wanne ne wanne ba. Ta gwada nata hannun, ya fi nawa gajarta. Muka kira Alhaji, yatsunsa sun ƙage da tsufa, ba sa buɗuwa. Ya ce, "Ku bari. A gidan nan hannu ɗaya ne ya rage irin nasa."

Gaskiya ya faɗa. Kin tuna hutun da kika dawo Babanki ya haɗa tafinsa da naki, ya ce, "Talatu, zo ki gani, yarinyar nan ta kamo ni." Yatsunki nasa ne, har lanƙwasar ɗan ƙaramin.

Ban warware ɗinkina ba, na bar miki kuskurena inda yake. A wutsiyar saƙin na soke allura, na naɗa zare biyu a jikinta, baƙi da ja. Ba na ce ki yi addu'a ba, Rahila, wannan tsakaninki da Ubangiji ne, kuma ya fi ni haƙuri. Abin da nake roƙo kawai, ranar da kika sami sarari ki shimfiɗa shi a baranda, ki ɗora babban yatsanki a kan jan zaren, ki faro ƙirga yadda ya koya miki. Ki bi ta Habasha, ki bi ta kan ɗinkina masu kauri, ki wuce badala, ki wuce kakan Alhaji, ki wuce rafin kakarki, ki kai Babanki wurinsa. In baƙin kaɗai za ki iya sawa yanzu, ki sa shi. Ki bar jan a jikin allurar, ba ya lalacewa. Na taɓa wanke shi da sabulu, na sani.

Hajiya tana gaishe ki, ta ce yajin da ke cikin gwangwani nata ne, kada ki rabar duka. Alhaji ya ce in kin dawo hutu ki zo da abin musu, zauren ya yi shiru.

Ubangiji ya tsare ki a aji da a hanya, a cikin mutane da inda ba kowa. Ya ba ki ƙwaƙwalwa mai riƙewa da zuciya mai taushi. Wanda ya riƙe taƙi arba'in bai gaji ba, ya riƙe min ke a ɗan yatsun da suka rage mana. Ya dawo min da ke lafiya, ke da saƙin.

Mamanki,
Talatu